Rakiya Har Tsibiri

Baƙo, ko idonsa ya kai na mujiya girma, makaho ne a garin mutane. Kalibu ya sha jin wannan magana, amma bai san da shi ake ba sai da ta faɗo masa a ka.

Saurayi ne ɗan mishan, dogo siriri, daga ƙasar Kanada, inda aka ce ruwa kan daskare a bakin ƙofa. Ikilisiyarsu ce ta aiko shi Maraɗi ya taimaki 'yan'uwa masu bi na shekara biyu. In sun ga amfaninsa su ce ya dawo, in ba su gani ba a rabu lafiya. Ya kama ɗan gida a Sabon Gari, mai ƙofar ƙarfe da sakata, daura da shagon wani tela da ake kira Jibo.

Ba rago ba ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Gari na wayewa zai sha kunu da ƙosai wajen mai tuya ta bakin layi, ya hau moto, wato babur, ya nufi Jiratawa, inda ikilisiya ke da 'yar garka cikin fadama. Can zai yini tsakanin zogale da albasa, yana renon dashen itatuwa tare da manoma, masu bi da Musulmi duk ɗaya a wurinsa. Ran Laraba ya tafi Tsibiri koyar da Kalmar Allah a zauren Baba Bo'az, ran Lahadi sujada. Rana ta gasa shi ya yi ja kamar tattasai, ya saɓule, ya sake yin ja. Zazzaɓi ya kayar da shi ya tashi. Hausa ta zauna a bakinsa, har masu tumatir suka daina yi masa tsadar baƙo.

Duk da haka, in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da tsakar rana zafi ya koro shi waje, yakan zauna gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gida ya yi ta tuna uwarsa da ƙannensa. Yakan tambayi kansa ko Allah ne ya kira shi ƙasar nan, ko kuwa son yawo ne na ƙuruciya ya sa wa rigar bishara. Amsa ba ta zuwa. Abin da ya sani kawai, in ya tuna zai bar garkar Jiratawa da tsofaffin zauren Tsibiri, sai ransa ya ɓaci. Yana son ya dawo.

Ga shi lokaci ya ƙure. Ran Lahadi mai zuwa dattawan ikilisiya za su zauna a kan maganarsa. Fasto Hezekiya na sonsa, amma kowa ya san in Baba Bo'az ya girgiza kai an gama.

Shi Baba Bo'az manomin gero ne, ya haura saba'in, bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ba ya dariya sai da dalili. Da farko ya riƙe Kalibu kamar ɗan cikinsa, "ɗana" yake ce masa, shi ya koya masa riƙon hauya. Ana nan, gab da faɗuwar damina, tsohon ya taso takanas daga Tsibiri ya kawo masa ziyara Sabon Gari. Tun daga ranar abu ya sake. "Ɗana" ya koma "Malam Kalibu". Ran Laraba sai ya tarar ba a shimfiɗa tabarma a zaure ba, sai ya iso ake neman ta. Masu zuwa karatu suka dinga zarewa ɗaya-ɗaya, don inda babban rago ya juya nan garke ke bi.

Ruwa ba ya tsami banza. Kalibu ya juya ziyarar nan a ransa ya sake juyawa. Ya ba tsohon kujera mai laushi, ya kawo ruwan sanyi, ya dafa shayi, sun yi hira, sun yi addu'a tare, sun rabu da murmushi. Ina laifin yake? Ya tambayi Fasto Hezekiya, fasto ya dubi ƙasa ya ce ba komai, a dai yi ta addu'a. Yaron ya daɗe a Hausa har ya gane cewa "ba komai" ita ce uwar komai, amma bai san ƙofar shigarta ba.

Jibo ne ya fasa ƙwan. Wata la'asar Kalibu ya dawo daga Jiratawa ya zauna kan bencin shagonsa, fuska kamar an aiko masa da mutuwa, ya zayyana masa damuwarsa. Tela ya tsayar da keke, ya cire zare daga baki.

"Kai Anasara, ka san sunan da anka sa maka cikin unguwar ga?"

Kalibu ya ce bai sani ba.

"Mai-sakata."

Sai ya ba shi labari. Ranar da tsohon Tsibiri ya zo, shi Jibo yana nan bisa kekensa yana kallo. Ƙafar tsohon ta baya ba ta gama fita ba aka ji ƙarau, an turo ƙofa, an danna sakata. Tsoho ya tsaya tsakiyar layi ya dubi ƙofa, ya dubi Jibo. Kunya ta kama tela, ya ajiye ɗinkin mutane ya taka masa har bakin gudoro, wato titin kwalta.

"Ni da ba masallacinmu ɗaya ba, ni na raka maka ubanka. Karen gidan maƙwabcinmu Gado ma ya bi mu har kwana. Kai kana ciki kana karatu."

Kunnuwan Kalibu suka ƙara ja. Can ya ce a ƙasarsu haka ake yi. Baƙo na fita ka ɗaga masa hannu ka rufe ƙofa maza, don kada ɗumin ɗaki ya tsere. Tun yana ƙarami uwarsa ke yi masa faɗa in ya bar ƙofa buɗe. Jibo ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya tambaye shi wane ɗumi ne yake tsoron ya tsere masa a Maraɗi, ai da ya buɗe ya bar shi ya tafi, a huta.

Yaron ya miƙe zai tada moto ya tafi Tsibiri ya ba da haƙuri. Jibo ya kama masa riga.

"Zauna. Abin da ƙafa ta ɓata, baki ba ya gyara shi. In ka tahi ka ce Baba na yi kuskure, cewa zai yi ba komai, ka dawo da ba-komai ɗinka cikin aljihu."

Ya karanta masa yadda abin yake, kamar mai koya wa yaro alwala. Baƙo in ya tashi, kai ma ka tashi. Ka fita da shi, ka taka masa, kuna tafe kuna ƙarasa hira. Ba kai ke da ikon juyawa ba, shi ne zai tsaya ya ce ka koma haka nan. Girman mutum a wurinka, nisan rakiyarsa. Kalibu ya ce to me ya hana shi gaya masa tuntuni? Jibo ya mayar da zare baki ya ce, "Ka tambaye ni?"

Saura dai tsohon ya sake zuwa, abin da ba wanda ya sa rai. Kalibu ya kwana biyu yana roƙon Ubangiji abu ɗaya tak, ya kawo Baba Bo'az ƙofarsa.

Ran Juma'a da hantsi, ranar kasuwar Maraɗi, ya ɗora ruwan shayi a kan gas ke nan ya ji sallama. Baba Bo'az ne, da sandarsa, da famfon feshi rataye a kafaɗa. Famfon na Kalibu ne, ya ara masa tun bara don waken gonarsa. An wanke shi tas, har igiyar an sake. Yaron ya san mai shirin rabuwa da kai kayanka yake fara maido maka.

Tsohon bai zauna kan kujera mai laushi ba. Ya ɗosana a bakin benci, ya kurɓi ruwa sau ɗaya don kada a ce ya ƙi, ya tambayi lafiyar mutanen gida, ya ce ga kaya nan an gode, Allah ya saka. Sai ya dogara sanda ya miƙe.

"To Malam Kalibu, sai wata rana."

Kalibu ya zura silifan wanka da ke bakin ƙofa ya bi bayansa. Ba hula, ba waya, ƙofa a wangale.

Tsoho ya gan shi ta wutsiyar ido, ya ci gaba da tafiyarsa. Suka wuce shagon Jibo, tela ya sunkuyar da kai kan keke kamar bai taɓa ganinsu ba. Suka kai kwanar layi, inda mai tuya ke kwashe kaskonta. Nan ne akan sallami mai rakiya, Kalibu ya rage tafiya yana jira. Sanda ta ci gaba da bugun ƙasa. Suka fita gudoro. Suka iso inda motocin Tsibiri ke lodi, 'yan kamasho na kiran saura mutum ɗaya, 'yan kabu-kabu na ta yi musu oda. Baba Bo'az ya ratsa su kamar ba da shi ake ba, ya kama gefen hanya ya miƙe.

A nan Kalibu ya gane karatun. Tsohon ba mota zai shiga ba, kuma ba sallamarsa zai yi ba.

Zuciya ta shiga kawo masa ƙara. Ƙofa a buɗe, kwamfutarsa na kan tebur, takardunsa na tafiya na cikin jaka, ruwa na tafasa a kan wuta. Har ya buɗe baki zai ce Baba na bar gas a kunne, sai ya dubi ƙeyar tsohon, furfura fes ƙarƙashin hula, ya haɗiye maganarsa. In gidan zai ƙone ya ƙone. Wanda ke neman bijimi ba ya tsayawa kukan akuya.

Gari ya dinga sirancewa, shaguna suka ƙare, gonaki suka karɓa. An yi ruwa shekaranjiya, gero ya kai gwiwa, kore shar har iyakar gani, gawo ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara a tsakiyar gonaki yadda ya saba yi da damina. Hanyar nan Kalibu ya bi ta a kan moto ba adadi, amma bai taɓa sanin akwai rijiya bayan waccan kuka ba, bai san ƙanshin ƙasa na sakewa daga jigawa zuwa kwari ba. Ya tuna ranar da aka yi masa addu'ar sallama a ƙasarsu, aka ce ya je ya nuna wa mutane hanya. Shekara biyu yana gaba yana waiwaye ko ana biye da shi. Yau ce rana ta farko da ya jera da wani a kan hanyar da ba shi ya zaɓa ba, ba shi kuma zai ce ta ƙare ba. Abin mamaki, sai ya ji ƙirjinsa ya fi kowace rana sakewa, ko da yake tafin ƙafarsa ya fara yi masa waƙa.

Tsoho kuwa ba gonar da zai wuce bai tsaya ba. Ya yi barka da aiki, ya tambayi ruwa, ya tambayi tsutsa, ya tambayi mai jiki. Masu noma su dogara hauya su dubi Anasara cikin silifa, gumi na zuba, su ce ina zuwa haka da baƙo a ƙasa? Baba Bo'az ya amsa fuska ba walwala, "Rakiya ya yo mini." Sai dariya ta tashi daga kunya zuwa kunya, har mata masu kai fura gona suna tsayawa kallo. Kalibu ma ya yi ta dariyar, don wanda ya shiga rawa ba ya ɓoye ƙafa.

Sun ci fiye da rabin hanya silifa ɗaya ya tsinke. Yaron ya ɗauke shi a hannu ya ci gaba da tafiya, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana ɗingishi kan tsakuwa mai zafi. Tsohon ya ratse gindin wata tsamiya ya zauna, ya miƙo hannu. Ya tsinci guntuwar waya a ƙasa ya soke madaurin, ya lanƙwasa, ya miƙa masa. Kalibu ya ce a ransa yanzu kam za a sallame shi. Sai ya ji tsohon ya soma magana, idonsa na kan hanya.

Ya ce gidansu na masu tsafi ne tun kakanni. Yana saurayi, bai kai Kalibu ba, ya ji bishara ya bi. Ranar da ubansa ya tabbata ba zai ƙara yanka wa abin gida ba, ya ce ya ɗauki tabarmarsa ya fita. Gida cike da mutane, 'yan'uwa, ƙanne, waɗanda suka ci tuwo akushi ɗaya, ba wanda ya taka masa ko taki ɗaya. Yana fita ya ji an ja kyaure a bayansa an tokare. Daga baya sun shirya da uban, har a hannunsa ya cika. Amma ƙarar kyauren nan ba ta bar kunnensa ba.

"Ban sake jin ta ba sai a gidanka. Gidan ɗan'uwa cikin Almasihu."

Kalibu ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Ban sani ba, Baba."

"Na san ba ka sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Amma mai son ya nuna wa mutane ƙofar Allah, ya fara sanin abin da ake yi a ƙofar gida." Ya dogara sanda ya miƙe. "Tashi, rana na yi."

Ana kiran sallar Juma'a suka shiga Tsibiri. Inna Susana, matar tsohon, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙafafun Kalibu da suka yi bororo, ta ajiye rariya.

"Tsohon ga, kashe ɗan mutane za ka yi? Daga Maraɗi a ƙasa?"

"Ni na ce ya biyo ni? Mantuwa na yi ban sallame shi ba. Tsufa ne."

Ta ce tsufan da bai taɓa mantuwa da lokacin tuwo ba. Ta kawo ruwan ɗumi da gishiri a kwano ta sa yaron ya tsoma ƙafa, ta dama fura da nono mai kauri, tana yi tana sababi, wai in uwarsa ta ga wannan cewa za ta yi cikin arna aka kai ɗanta. Baba Bo'az da hannunsa ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a zaure, sabuwar, wadda ake ajiye wa baƙi. Kalibu ya sha fura har ya ji ta a idon sawu, ya kishingiɗa, barci ya sace shi.

Da rana ta yi sanyi aka ce wani maƙwabci mai moto zai shiga Maraɗi, yana jira a bakin gudoro. Kalibu ya yi wa Inna Susana godiya ya fito. Tsohon ya ɗauki sanda ya biyo shi, don yanzu shi ne mai gida, Kalibu ne baƙo. Suna tafe a hankali ta tsakanin darni, tsohon ya ce tsutsa ta fara taɓa waken gonarsa ta gabas, ran Laraba in zai zo karatu ya riƙo masa famfon nan. Suka ƙara 'yan taku.

"In ka je gida, ɗana, ka gaida tsofaffinka. Ka ce su saya maka takalmin kirki. Baɗi akwai tafiya."

Kalibu ya ji maganar ta sauka har cikin ƙashinsa.  Suka wuce rijiya, suka wuce injin niƙa, suka kai kwanar da ya kamata ya ce Baba ku koma haka nan. Kalibu ya ƙi faɗa. Tsohon ya ci gaba da takawa, ya saci kallonsa, ya sake satar kallo. Can ya tsaya cak.

"Kai yaro, ramuwa za ka yi?"

"Mantuwa na yi, Baba. Ƙuruciya ce."

Mutanen da ke zaune bakin injin niƙa sun ce ranar suka fara ganin haƙoran Baba Bo'az na ciki. Kalibu ya rusuna ya ce su koma haka nan, sun gode, a gaida Inna. Tsoho ya ɗaga sanda ya juya.

Ya iso Sabon Gari ya tarar da ƙofarsa yadda ya bar ta, a wangale. Jibo ya jawo benci ya tare bakinta yana ɗinkin hannu. Ya ce ya kashe gas tun da hantsi, butar ce dai ta ƙone ƙurmus, ba abin da ya ɓata. Kalibu ya ce me ya sa bai rufe ƙofar ba ya huta da gadi?

"Ban taɓa ganinta buɗe ba, na ce bari in more. Ina kuka rabu, kwanar mai tuya?"

"Tsibiri."

Tela ya dubi ƙafafun, ya dubi silifa mai ɗaurin waya, ya girgiza kai ya ce lalle tsohon nan ba ya ba da rance sai da riba.

Ran Lahadi bayan sujada dattawa suka zauna, zaman bai kai a sha ruwa ba. Fasto Hezekiya ya kawo maganar, kowa ya dubi Baba Bo'az. Tsohon ya ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ɗanye ne, kuma ya tanƙwaru bai karye ba, a rubuta wa mutanensa su maido shi.

Sunan Mai-sakata dai bai bar shi ba, don suna in ya kama mutum ya fi ƙaya wuyar cira. Sai dai yanzu a Sabon Gari, wanda ya kai masa ziyara yana da sauri, tun daga bakin ƙofa yake cewa ya koma haka nan, don an san in aka yi sakaci har gida zai kai mutum, a kuma dama masa fura.